Gishiri da Gawayi a Bayan Ɗakina

Har yau in na tuna abin da matan unguwarmu suka yi mini a Kafanchan, sai raina ya ɓaci.

Akwai wata yarinya a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, muryarta kamar ruwan farko a kan rufin kwano. Na ɗauki waƙarta a wayata ranar bikin godiya, na ƙudurta sai ta ji kanta yadda nake jin ta kafin in faɗa mata abin da ke zuciyata. Shi ya sa na sa wani ɗan kasuwa ya kawo mini amfilifaya, wato akwatin ƙara sautin hedfon, irin mai bawul. Bawul ɗin ƙananan kwalabe ne biyu, in sun yi zafi sai su yi ja a hankali kamar garwashi.

Na dasa kwalaben a mazauninsu, na jona wuta, na jira suka ɗumama. Muryarta ta fito, amma a ƙarƙashinta akwai wani gurnani, uuum, ba ya tsayawa. Na canja kebul. Na nisantar da akwatin daga firji. A banza. Sai da na taɓa jikin akwatin na ji gurnanin ya ragu, sannan na gane gidan hayarmu ba shi da wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa.

Kowane mai aikin wuta ya san maganin wannan. Na haƙa rami a bayan ɗakina, na kafa sandar ƙarfe, na zuba gishiri da gawayi, na kwarara ruwa, na ja waya zuwa akwatin. Gurnanin ya ɗauke ɗif. Na saurare ta har idona ya ciko.

Ashe maƙwabciyata, shugabar zumuntar mata, tana shanya citta tana kallona. Ta kuma san na gayyaci yarinyar ranar Lahadi bayan sujada.

"Ɗana, me ka binne a nan?"

"Mama, na wuta ne."

"Wuta na cin gishiri? Miya ce? Kai da na gani ana maka baftisma!"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Washegari ta dawo da mata cikin anko, suka kewaye ramin da waƙa da addu'a, suka tumɓuke sandata. Ba wadda ta yarda ta sa hedfon ta ji.

Ranar Lahadi yarinyar ta zo, amma da gwaggonta, wadda ta tsaya a bakin ƙofa rungume da Littafi Mai Tsarki. Kwalaben suka yi ja. Na sa mata hedfon. Ta rufe ido, ta fara murmushi. Can sai murmushin ya gushe.

"Ɗan'uwa, wane ne ke gurnani a bayan muryata?"

"Sandar da suka cire ce ta jawo..."

"Kin ji ko?" in ji gwaggon. "Shi da bakinsa. Tashi mu tafi!"

Ta ajiye hedfon ɗin a kan tebur a hankali, kamar zai cije ta. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma daga nesa.

Na sayi wata sandar, na kafa ta da rana tsaka, na zuba gishirin a gaban kowa. Muryarta tana nan tas, ba ko ɗigon gurnani. Ni kaɗai nake jin ta.