Inda Ruwa Ya Kauce a Alkalawa

Ban iya rubutu ba. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa, in kuka ya zo ta jira ni. Tun da maigidana ya rasu ban buɗe famfo ba tare da na ji kamar zai yi gyaran murya a bayana ba, don haka na ce a rubuta wannan kafin nawa lokacin ya yi.

Mutanen Jimeta Injiniya suke ce masa, ni kuwa Malam. A gidan ruwa yake aiki, can kusa da Binuwai. Da damina kogin yakan zo ja wur kamar kunun kanwa, su jawo shi su zuba a manyan kwatamai har laka ta kwanta, su bi da shi ta cikin yashi, su sa magani, sannan su tura shi tankin da ke kan tudu. Daga can ruwa ke gangarowa gari ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Shi ne mai auna inda bututu zai bi, da zurfin ramin, da yadda za a haɗa gaɓa da gaɓa. Rigunansa kullum da warin maganin ruwa. Har yau akwai guda a ƙasan adakata, warin ya tafi amma hancina bai yarda ba.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa yana Zariya yana ƙaro karatu, ni kuma ina da cikin fari. Na koma gidanmu a unguwar Alkalawa, nan cikin Jimeta, wurin Dada, mahaifiyata, don in haihu a gabanta. Namiji ne. Na ji kukansa, na ga tafin ƙafarsa, amma bai kai ranar suna ba. Baffana ya naɗe shi a farin ƙyalle aka sa shi a bayan ɗakin Dada, cikin zana, yadda ake yi wa jarirai a lokacin. Ba dutse, ba tudu. Dada ce ta dasa lalle a wurin.

A gidanmu mace ba ta maganar ɗan fari ko yana raye yana gudu a tsakar gida, balle wanda ya koma. Namiji ma haka. Da Malam ya dawo ya zauna a bakin ƙofa ya ce, “Sannu. Allah ya ba mu haƙuri.” Na ce amin. Bai tambayi inda aka sa shi ba, ni ma ban faɗa ba. Muka haifi 'yan mata, muka yi ta zama, maganar tana kwance a tsakaninmu ba mai taɓa ta.

Bayan wasu shekaru aka yanka lungu ta bayan gidan Dada. Aka matso da zana ciki, lallen ya zama a waje, awaki suka cinye shi sai kututture. Duk mai wucewa ƙasa kawai yake gani.

Sai aka yi jihohi, umarni ya daina zuwa daga Kaduna ya koma zuwa daga Maiduguri, aka ce za a kai ruwa Alkalawa. Da kogi ya cika jirgin ruwa ya kawo bututai, aka jibge su a bakin gaɓa. Dada ta yi ta murna, don ta gaji da jiran 'yan ga-ruwa. Malam ya shiga unguwar da na'urarsa mai ƙafa uku, yana leƙa ta da ido ɗaya yana ɗaga hannu, ma'aikata suna kafa turaka masu jan kai a inda ya nuna.

Wata la'asar na je gaida Dada, na biyo ta lungun. Turakan suna jere tsaf kamar an ja su da zare. Ɗaya daga ciki yana gindin kututturen lallen nan. Inda turke yake, nan diga za ta sauka.

Na tsaya ban san tsawon lokacin ba. Na ji kamar lungun ya cika da ruwa ina tsaye a ƙarƙashinsa, muryoyin mutane suna zuwa daga nesa. Da na dawo hayyacina na duba ba kowa, na tuge turken, na kai shi tsakiyar lungu na kafa, na taka ƙasar gindinsa da ƙafa. A tunanina masu haƙa turke suke bi, duk inda ya tafi nan za su tafi.

Washegari da yamma yana cin tuwo ya ce, “'Yar Alkalawa, ashe akwai akuyar da ta yi makaranta a unguwarku?”

“Wace irin akuya kuma, Malam?”

“Mai tuge turke ta matsar da shi, ta kafa shi a miƙe, har ta daddale gindinsa. Na ce wa shugaban leburori in ya kama ta a ɗauke ta aiki.”

Na ce, “Ai awakinmu sun fi na Yola wayo, ka sani.” Shi mutumin Yola ne, kullum muna wannan tsiyar. Ya yi dariya, ni na tashi na shiga madafa kamar zan ɗauko miya.

Ya mayar da turken. Na'urarsa ba ta mantuwa, ni ban san haka ba. Na sake zuwa na sake matsarwa. Ran da na koma kuma, ina sunkuye turken yana hannuna, sai na ji an ce, “Sannu da aiki.” Yana zaune kan bututan da aka jera a jikin katangar maƙwabta. Ma'aikata sun tashi, shi bai tafi ba.

Bai yi faɗa ba. Ya taso ya tsaya kusa da ni ya ce, “Me ke nan wurin?”

Na dubi kututturen, na dubi ƙafafunsa. Da ƙyar na ce, “Baƙon nan da ya zo kana Zariya. Nan ya sauka.”

Sai ya cire takalmansa ya tsuguna. Ya ce, “Ina kansa yake?” Na nuna. “Ƙafafu fa?” Na nuna. Ya kwantar da sandar awonsa a gefen wurin a hankali, kamar mai gudun kada ya tashi wani daga barci. Tsawon wurin ko rabin sandar bai kai ba. Ranar na fara ganin hawayen Malam, kuma ranar na yi kukan da ban yi ba a ɗakin jego.

A hanyar gida ya gaya mini gaskiya. Ya ce in za a karya layi a zagaye wuri, sai da gwiwar ƙarfe, su kuwa ba su da ita. Kogi ya ja baya, jirgi ba zai dawo ba sai wata damina, ramin kuma ya riga ya shigo bakin lungun. Ya ce akwai dabara ɗaya. Kowace gaɓa, inda bututu ya shiga bakin ɗan'uwansa, tana yarda ta karkata kaɗan, kamar faɗin yatsa. In aka faro daga nesa, kowace gaɓa ta ba da nata kaɗan, layin zai lanƙwasa ya wuce ta gefe.

“Amma ki ji ni da kyau,” in ji shi. “In na karkata su suka yi yoyo, ruwan kwata zai shiga ciki, 'ya'yan mutane su sha. Wannan ba zan yi ba, ko don shi. In gwaji ya nuna yoyo, da hannuna zan miƙe layin, sai mu kira liman a ɗauke shi a kai maƙabarta.”

Na ce, “A tone shi?”

“Ki yi addu'a kada a kai ga haka.”

Ya tuge turakan lungun gaba ɗaya ya faro awo tun daga masallacin unguwa. Heluman, wato shugaban leburorin, Kirista ne daga ƙauyukan kudu, mai baki kamar reza, sun daɗe tare. Ina bayan zana na ji yana cewa, “Oga, mun haƙa a miƙe ka ce mu cike, yanzu kuma mu haƙa kamar maciji. Ko Madam ta daina sa maka gishiri a miya ne?” Malam ya ja shi gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Heluman ya cire hularsa. Daga ranar ya hana kowa ajiye diga ko zama cin rogo a gindin kututturen, in an tambaye shi dalili ya ce kunama ce a wurin.

Malam da kansa ya riƙa shiga ramin. Kowace gaɓa sai ya durƙusa ya shafa ta, ya auna karkatarta, in ta wuce yadda yake so ya ce a zare a sake. Yakan dawo gida laka har gwiwa. Ni kuwa kwanakin nan kamar a mafarki na yi su. Ina tankaɗe sai in ga gari yana zuba kamar ruwa, in ga ɗan tafin ƙafar nan a cikinsa. Dada kuwa carbinta bai bar hannunta ba.

Ranar gwaji wani babba ya zo daga Maiduguri. Aka toshe ƙarshen layin, aka cika shi da ruwa, aka kawo famfon hannu ana bugawa don a matse ruwan a ciki. A jikin famfon akwai wani abu kamar agogo mai allura ɗaya. Malam ya riga ya gaya mini: in allurar ta hau ta tsaya, lafiya, in ta fara saukowa, akwai yoyo. Ni da Dada muna leƙe ta ɓular zana, rana tana tsakiyar ka.

Babban ya bi ramin da kallo ya ce, “Injiniya, igiyarka ce ta sha giya, ko idona ne?”

“Ranka ya daɗe, akwai mai wuri a nan. Ya riga mu zuwa.”

Mutumin ya dubi kututturen, ya dubi Malam da ke tsaye ba takalmi. Sai ya juya ga agogon.

Allurar ta hau. Aka daina bugawa. Daga inda nake ba na ganin ta sosai, fuskar Malam nake karantawa. Lungun ya yi tsit, har kukan kurciya nake ji daga wata unguwa. Heluman ya bi ramin yana taɓa ƙarƙashin kowace gaɓa yana duba tafinsa. Aka kira azahar, suka yi salla nan gefen ramin suka dawo. Na ga Malam ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da farce, ya jira, ya sake ƙwanƙwasawa. Sai ya juyo wajen zana, inda ya san ina tsaye, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Na zauna a ƙasa. Dada ta dafa kaina ta ce, “Tashi, 'yar nan, ki kai wa mutane ruwa.”

Kafin a rufe ramin ya kira ni da yamma in gani. Bututun ya taho daga masallaci a miƙe, ya fara kaucewa a hankali yadda ido ba zai ce ga inda ya fara ba, ya zagaye wurin kamar hannun mai goyo, ya koma hanyarsa. Ran da aka saki ruwa unguwa ta cika da guɗa. Shi kuwa ya tari na farko a buta, ya je ya zuba a gindin lallen. Ba mu sake maganar ba har ya bar duniya.

Yanzu yana babbar maƙabarta, inda mata ba ma shiga. Dada ta daɗe da tafiya, gidan ya koma hannun wasu, lallen babu shi, an yi shaguna a lungun. Amma in an kai ni Alkalawa nakan sa a tsaya da ni a wurin. Masu shago suna tsammanin gajiya ce, su miƙo mini kujera. Sai in zauna in cire takalmi in sa tafin ƙafata a ƙasa. An ce an sauya bututai da yawa a garin nan, ban sani ba ko an taɓa wannan. Ni dai ina jin sa. Ruwan yana tahowa daga tudu, ya iso kusa da yarona ya rage gudu, ya kauce masa, ya wuce. Nan nake kukana na su biyun, har jikata ta taɓa kafaɗata ta ce, “Kaka, rana ta yi.”