Tayar da Ta Cinye Gefe Ɗaya

Ni ne ban kyauta ba. Na san haka da daɗewa, kuma watannin da na yi ina sane na ja bakina na yi shiru, su ma laifi ne na daban.

Ina da tsohuwar a-kori-kura da nake ɗauko kayan gona da ita daga Lajawa da Kausani zuwa kasuwar Wudil. Ta sha hanya har agogonta ya daina ƙirge. Mai yi mini faci, wanda kuma nake sayen taya a wurinsa, wani dattijo ne mai rumfa kusa da gada. Yaya nake ce masa. Tun da matata ta rasu, a rumfarsa nake cin abincin rana, kwano ɗaya da shi.

Ya sa mini tayoyin gaba na hannu. Ba a rufa wata biyu ba ta hagu ta cinye ta ciki har waya ta leƙo, gefen waje kuwa zanensa na nan daram. Na je masa ranar kasuwa, rumfa cike da direbobi. Ya tsuguna ya shafa tayar da tafin hannu, ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar ya girgiza. Ta yi ƙwas-ƙwas.

Ya ce, "Direba, ba taya ba ce. Ƙafar motarka ce ta saki. Ga kuma buhunan da kake jibgewa gefe ɗaya don fasinja su sami wurin zama."

Na ce, "Yaya, ka sayar mini da gawa, yanzu kuma lodi za ka koya mini?"

Aka yi dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, sai na ƙara da cewa ya ci amanata. Ya sauke jak, ya goge hannu a tsumma, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Na tafi Kano na sayo sababbi fil. Ta hagu ta sake cinyewa, a daidai inda waccan ta cinye. Na kai motar wurin bakanike, ya kwance ƙafar, ya ɗora mini ƙarfen da ya lalace a hannu, yana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita.

Ko a ranar ban je wurin Yaya ba. Kullum sai na bi ta gada, don ba wata hanya, in na zo saitin rumfar sai in kafa ido a kan kwalta. In sayi shinkafa da wake in shiga mota in ci, ba wanda zan ce wa bismillah. Damina ta wuce a haka.

Wata rana da hantsi taya ta fashe mini a hanyar Utai, ba tayar safaya. Na zauna a inuwar motar da waya a hannu, ina bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Har la'asar ban sami sunan wanda zai taso domina ba, sai na Yaya. Shi kuma ban iya dannawa ba. Sai da magariba wani direba mai wucewa ya ara mini taya.

Washegari na same shi shi kaɗai, yana tsoma tif ɗin taya a ruwa yana neman huji. Na yi sallama ya amsa, bai ɗago ba. Na cire takalmi na durƙusa.

Na ce, "Yaya, tayarka lafiya lau take. Motata ce, da bakina. Na yi maka ƙazafi a gaban mutane, kuma da na gane gaskiya na ɓoye. Don Allah ka yafe mini."