Tara Cikin Goma

Magaji mai gyaran rediyo ne a Jega, amma tun da waya ta kashe masa kasuwa ya koma kallon sama. Da la'asar sakaliya zai jingina da bangon shagonsa, baki a ɗan buɗe, yana bin farin layin da jirgi ke bari a sararin sama har ya narke. A idonsa wannan layi igiya ce. Da ita, in ji shi, ake ɗaure hadarin Kebbi a ja shi ƙasar Turawa, kamar yadda ake jan akuya kasuwa.

Haka yake rubutawa a shafinsa na Fesbuk, kuma ba ya rubutu babu alƙaluma: "Tara cikin goma na mutanen Kebbi sun tabbatar." Ni da shagon ɗinkina ke jikin nasa, na san inda ake wannan gagarumin bincike. Bencin ƙofarsa ne, mai cin mutum goma. Tara suna gyaɗa kai saboda shayin da yake dafawa. Na goman Ya'ƙub ne mahauci, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda amsarsa ba ta canjawa: "Wanga zance babu shi, Magaji. Ƙara min sikari."

Tun rasuwar matarsa Delu, bencin nan ne iyalin Magaji. Shi yake sharewa kafin ya share ɗakinsa.

Bana da damina ta yi jinkiri, sai ya rubuta cewa an ga ruwan Karaye ta nan Kebbi yana sauka a Landan. Rubutun ya yi tafiya fiye da yadda ya so. Ɗalibai daga Aliero suka yi masa ca. Wannan ya kira shi Farfesan Hadari, wancan ya tambayi wa ya ƙirga mutanen Kebbi. Wani maras kunya ya ɗauki hoton bencin da mutanensa ya watsa, ya rubuta a ƙasa: "Ga masanan." Aka yi ta dariya har Maiyama. Taran nan, masu 'ya'ya da surukai, kunya ta kama su, suka ɗauke ƙafa.

Ƙaryarsa ta sha ba ni haushi, amma ranar da na ga ya jera kofuna a kan benci babu kowa, wallahi ya ba ni tausayi.

Can sai ga Ya'ƙub, yana ƙanshin tsire, ya zauna a gurbinsa na can ƙarshe. Wani jirgi ya ratsa, layinsa ya yi ja da hasken yamma. Suka ɗaga kai tare.

"Ka gani? Sun ɗaure wani," in ji Magaji a hankali.

"Babu shi."

Magaji ya dubi wayarsa, ya dubi bencin. "To yanzu nawa cikin nawa zan rubuta?"

"Rubuta babu ko guda," in ji Ya'ƙub, yana miƙa kofi. "Zuba min. Gobe ma ina tahe in ƙaryata ka."