Lambar Wuyan Kaka

Duk sanda ma'aikacin kan iyaka ya buɗe fasfona ya karanta lambata da ƙarfi, kakana nake tunawa. Na ji an karanta ta da Larabci, da Faransanci, da Turanci, amma ban taɓa ganin wanda ya zauna da lamba kamar shi ba.

Sojan Faransa ne a ƙuruciyarsa. Su tara aka ɗiba daga ƙauyensu a hayin Maraɗi, shi kaɗai ya komo, ya kasa zama can, ya ƙetaro Jibiya. A wuyansa akwai ɗan ƙarfe da aka buga wa lamba: dubu goma da guda bakwai.

Bai yi boko ba, amma ya iya hisabi. Ya ce lambobi iri biyu ne. Akwai masu dangi, irin sha biyu, wadda za ta rabu gida uku ko huɗu ba saura. Akwai marayu, irin sha uku. Yana so ya san ko tasa tana da dangi.

Bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzu a gindin bedi, daura da shingen duwan, wato 'yan kwastan, ya share rairayi da tafin hannu. Da damina ƙasar na riƙe zane, da bazara iska ta kwashe. Ya raba lambar gida biyu, ɗaya ya rage. Uku, biyu suka rage. Bakwai, huɗu. Manyan motoci na wucewa, ba mai tsayawa wurinsa. Lokacin da na tafi sakandare ya wuce ɗari uku.

A aji biyu malaminmu ya nuna mana cewa lamba irin wannan, in ka gwada har ɗari ba ta rabu ba, to, ba za ta taɓa rabuwa ba. Ashe Kaka ya gama aikinsa tun ban iya wanke hannu ba, bai sani ba.

Da na zo hutu ya ce, "Ɗan boko, mi malamanku suka ce game da wagga lamba tawa?"

Na dubi rairayin, na dubi yatsansa da ya yi kanta. Na ce, "Ba mu kai nan ba tukuna, Kaka."

Ya yi dariya. "Ashe kuɗin alli aka ɓata. Matsa, ka tare mini haske."

Ya rasu yana kan ɗari shida da wani abu.

Yanzu an yi shaguna a wurin bedin. Jikokina suna tambayar waya, ta ba su amsa kafin su rufe baki. Ni kuwa na girmi kaka a shekaru, sa'annina sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau ban tabbata ba ko tausayinsa na ji ran nan, ko kuwa hakkinsa na danne. Wanda zan tambaya babu.