Kulorin ɗin da Na Zaɓa

Shekarata ta biyu a Agege na samu aikin kula da kwamin ninkaya a wani ƙaramin otal da ke hanyar Abule Egba. Wanda na tarar a wurin dattijo ne daga kudancin Kaduna, Kirista, mai sanyin magana. Baba nake ce masa. Shi ya koya mini cewa kulorin ɗin da ake tsabtace ruwa da shi iri biyu ne a shagunan da muke saye: akwai na gari, akwai na ƙwaya mai faɗin tafin hannu.

Na gari yana da wahala. Sai ka dama shi a bokiti kowace safiya, ka jira ya kwanta, warinsa na shiga hanci. Ƙwayar kuwa jefa ta kawai za ka yi a mazubinta, ta yi kwanaki tana narkewa.

"Ƙwaya tana jure rana," in ji Baba, "amma akwai abin da take bari a ruwa wanda ba ya fita. In ya taru, maganin sai ya daina ci. A riƙa haɗawa da ranakun gari, ɗana."

Ni dai na gaji da dama bokiti. Ranar da oga ya tambaye mu wanne za a sayo da yawa, na riga Baba magana, na ce ƙwaya, ai gari tsohon yayi ne. Oga ya yi dariya ya yarda. Baba ya dube ni.

Wata biyar ruwan yana sheƙi. Daga nan ya fara dusashewa, gefen kwamin ya yi santsi. Na ƙara ƙwaya, bai ji ba. Wata Asabar baƙi suka fito suna susa, washegari ruwan ya zama kore. Dole aka zubar da shi gaba ɗaya.

Oga ya ce Baba ne babba, shi ya kamata ya sani. Ina tsaye a wurin aka sallame shi. Na buɗe baki in ce ni na zaɓi ƙwayar, na tuna ɗakin hayata da matata mai ciki, na rufe.

Da zai tafi ya nuna mini inda ya ajiye safar hannunsa, ya ce in riƙa sawa in zan dama gari. Na ji an ce ya koma gida noman citta. Lambarsa tana wayata har yau, ban taɓa kira ba.