Abin da Dabora Ba Ta Iya Faɗa wa 'Yarta ta Fari Ba

Dabora mutuniyar Dogonduci ce. Ta zo Yamai da mijinta tun zamanin Turawa, kuma bayan rasuwarsa ta zauna a unguwar Maourey tana kaɗa zare tana kaiwa Babbar Kasuwa. Gida ɗaya muke, ni a lokacin ina koyarwa a makarantar 'yan mata. Da tsufa ya kama ta, ba ta da abin so kamar ba da labarin rayuwarta: shekarar fara, tafiyar ƙafa zuwa Doso, ranar da aka yi mata baftisma. Duk matan gidan sun ji. Saratu ce kaɗai ba ta ji ba, domin ita ce 'yarta ta fari. Dabora ta bi al'adar kunya yadda ta gada: ba ta kiran sunanta, ba ta hira da ita, in ta shigo sai ta yi shiru.

A shekarar 1964 aka mai da Bitrus, mijin Saratu, wata makarantar ƙauye can bayan Gure. Saratu tana da ciki wata bakwai. Ana sauran kwana biyu su tashi, Dabora ta same ni ina shanya.

"Malama, zan ba ki wani labari, ki kai wa yarinyar nan."

Ta ce mahaifiyarta jini ne ya tafi da ita bayan haihuwa, haka ma yayarta. Ita kanta da ta haifi Saratu sai da aka fid da rai, wata ma'aikaciyar asibitin mishan ta cece ta.

"A jininmu yake. Kada ta haihu inda babu lokotoro, babu asibiti. Ta zauna nan."

Na kai saƙon ban rage kalma ba. Saratu ta yi dariya.

"Haba Malama! Inna so take in zauna in riƙa yi mata daka. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin wannan ba, sai yau da aka ɗaure kaya? In gaskiya ne, ta faɗa mini da bakinta, wallahi in kwance ƙunshina."

Muka tafi tare. Saratu ta durƙusa a bakin tabarma.

"Inna, ga ni. Me ya sami kakata?"

Maganar haihuwa ce, kuma da 'yar fari, a gaban mutane. Tsohuwar ta juya fuskarta ga bango, ta ce:

"Malama, ki ce wa mutanen nan su tafi da kuka da daddawa. An ce can babu."

Na roƙe ta, na fita don in bar su su biyu. Na dawo na tarar ba wadda ta motsa. Bitrus kuwa ya ce ba zai bar matarsa ba a kan labarin da uwar ma ba ta tsaya a kai ba. Ranar Alhamis suka hau kamiyo, babbar motar kaya.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki wasiƙar Bitrus ta iso, ni aka ba in karanta. An sami ɗa namiji. Jinin bai tsaya ba, asibiti mafi kusa kuma tafiyar yini ce a kan raƙumi. An binne Saratu ranar Asabar.

Dabora ba ta yi kuka a gabanmu ba, domin ba a yi wa ɗan fari. Ta sa na sake karantawa daga farko, sannan ta tambaye ni wa ke shayar da jaririn. Na duba gaba da bayan takardar. Bitrus bai rubuta ba.