Ɗakin da Ban Ɗaga Labulensa Ba

Shekara tara ke nan da na sayi gidan da nake ciki a Kafin Maiyaki, amma har yau idan na tuna ranar da na shiga duba shi sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Saboda mahaifiyata na nemi gidan. Tana zaune a ƙauyenmu can bayan Tudun Wada, gwiwoyinta sun fara gazawa, rijiya kuma da nisa. Ni kuwa ina koyarwa a makarantar sakandare, ina hayar ɗaki biyu da iyalina. Burina bai wuce gida mai ɗaki uku da rijiya ba: ɗaya na matata, ɗaya na yara, ɗaya na Inna.

Mai gidan ɗan kasuwa ne mai sayar da taki da maganin feshi, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Da na ji zai sayar da gidan ya koma Kano, sai na tare shi da kaina. Wani dattijon dillali da ke zama wajen mai shayi ya samu labari, ya tsayar da ni a hanya.

"Malam, gidan nan na san shi tun yana na ƙasa. Ka bari in shiga tsakani."

Na ce masa mutum biyu masu hankali ba sa buƙatar na uku. Na sha faɗar haka a ɗakin malamai, ina cewa la'adar dillali haraji ce da ake ɗora wa wanda bai iya karanta takarda ba. Dattijon ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, "To, Allah ya sanya alheri, malamin makaranta."

Bayan la'asar muka je duba gidan. Mai gidan ya bar ni a soro, ya shiga ya ce mata su kimtsa, namiji zai shigo. Na bi shi kaina a sunkuye kamar wanda ya je gaida surukai. Na leƙa rijiya, na ga madafi, na ga ɗakuna biyu a buɗe. Na ukun, wanda ke dab da rijiyar, labulensa a sauke yake, ga takalman mace a bakin ƙofa.

"Wannan fa?" in ji ni.

"Mata ne a ciki, Malam. Irin waɗancan ne, sai dai ya fi su girma."

Har haƙuri na ba shi don na tambaya. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na yi shekara huɗu a jami'a ana koya mini kada in karɓi magana sai da hujja, amma labule ɗaya da takalmin roba suka mayar da ni baya. Da na koma gida matata ta ce in bari ta je ta gaida matan gidan, ta ga wurin da idonta. Na hana ta, wai kada magana ta bazu kafin ciniki ya faɗa.

Takardar ciniki ni na rubuta ta, na kai aka buga, da Hausa da Turanci, ina jin daɗin kaina. Shaiduna abokan aikina biyu ne, waɗanda su ma baƙi ne a garin. Nasa shaidun abokan kasuwarsa ne. Da na ambaci mai unguwa sai ya ce, "Idan an gama ma je mu gaishe shi tare." Ba mu je ba.

Ranar tarewa, ana cikin sauke kaya daga a-kori-kura, matata ta fito soro fuskarta a sauye, ta ce, "Malam, akwai mutum a gidan nan."

Wata tsohuwa ce zaune a ƙofar ɗakin nan na uku, tana tsintar wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na tambaye ta, da ladabin da na iya tattarowa, yaushe za a zo a ɗauke ta.

"A ɗauke ni zuwa ina, ɗan nan? Gidan ubana ne. Da aka raba gado wannan ɗakin aka ba ni, a gaban manya. Shi wancan ɗan yayana ne, rabon ubansa ya sayar maka. Bai gaya maka ba?"

Na fita waje na kira shi a waya.

"Haba Malam, ai Gwaggo ce, ba ta da fitina," in ji shi. "Kuma tsakani da Allah, kwana nawa ya rage mata?"

Mutumin da muke haɗa kafaɗa a sahu ne ya faɗi wannan a kan ƙanwar ubansa. Ya sayar mini da ɗaki biyu da jiran mutuwar tsohuwa, ya kira shi gida. Kuma ba da dabarar takarda ya cuce ni ba. Ya san ba zan ɗaga labulen ɗakin da aka ce mata na ciki ba, sai ya ɗauki tarbiyyar da iyayena suka yi mini ya rufe mini ido da ita.

Mai unguwa bai ɓoye mamakinsa ba. Ya ce, "Malam, duk unguwar nan wa bai san ɗakin Gwaggo ba? Ko mai shayi ka tambaya da ya faɗa maka. Ku 'yan boko sai kun gama sa hannu kuke zuwa gaisuwa." Wani malami da na kai wa maganar ya ce ɗakin haƙƙinta ne, ciniki bai hau kansa ba, ina iya kai ƙara a warware cinikin baki ɗaya. Amma na riga na saki gidan haya, wani ya shiga. Na koma wajen tsohuwar na ce ta sayar mini, in nema mata wuri mai kyau. Ta ce a ɗakin aka haife ta, daga cikinsa kuma za a fitar da ita.

Na je ƙauye na zayyana wa Inna komai. Na ce yara za su koma soro, ta ɗauki ɗakinsu. Ta ce ba za ta kwana a ɗaki jikokinta mata na kwana a bakin titi ba. Na ce to zan matsa wa tsohuwar ta hanyar hukuma. Nan ta ɗago kai.

"Ka kori uwar wani don ka saka taka? Idan ka yi haka, ko a ƙofar gidan ba za ka gan ni ba."

Na ce zan tara abin da zan gina wani ɗaki a tsakar gida. Ginin ya kai taga lokacin da Inna ta rasu, shekara uku bayan haka, a ɗakinta na ƙauye. Ba ta taɓa kwana ko ɗaya a gidan da na saya dominta ba.

Na yi ta neman inda zan sauke fushina. Tsohuwar ba ta yi mini komai ba. Shaidunsa sun sani suka yi shiru, su ma ban yafe musu ba. Dillalin kuwa, wataƙila da ya faɗa mini, wataƙila da ya karɓi la'adarsa ya yi shiru. Ban ba shi damar ko ɗaya ba. Duk inda na zaga sai in dawo kaina: matata ta nemi ta shiga inda ni ba zan iya shiga ba, na hana ta.

Gwaggo tana nan da ranta. Kullum da safe nakan durƙusa a ƙofarta in gaishe ta, matata ta kai mata koko. Shi kuma ɗan yayan nata yakan zo gari lokacin sallah, ya ratso sahu ya miƙo mini hannu, ya ce, "Malam, ya gida? Ya Gwaggo?" Nakan amsa masa sallama domin wajibi ce. Hannun ne har yau ban karɓa ba.